Abin da aka ce wa sabon ɗalibi a fada

Daren jiya a fadarmu ta unguwar Zango, wato dandalin hirarmu, ana shan shayi, wani ƙanenmu da ya shiga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya nemi shawara. Kowa ya fara da ruwa: a Damagaram, in famfo ya kawo, cika jarkarka ko da tsakar dare ne, musamman lokacin bazara. Kuɗin tallafin karatu kuwa kan makara, kada ka ci bashi da sunansu. Cefane, jira Alhamis, ranar kasuwar Dole.

Aikin sa kai ne ya jawo gardama. Wasu suka ce ba da jini a asibiti ya isa; ni dai na fi son koya wa yaran unguwa karatu da maraice. Ran hutu, aka ce ya leƙa lambunan garin Miriya, kusa da Damagaram.