"Yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne": a bakin wa maganar nan ta dace?

Ɗan Kabi: Salamu alaikum jama'a. Akwai wani Alhaji a unguwarmu nan Birnin Kebbi, ba zan kama suna ba, mutum mai hannun kyauta ƙwarai. Duk azumi shi ke ciyar da layin mahauta, marayunsu ma shi ke biya wa kuɗin makaranta. Ɗaya daga cikin yaran ya gama karatu, ya samu aiki, sai ya tura manyansa neman 'yar ƙanen Alhajin. Aka mayar musu da goronsu. Ranar Juma'a bayan an sallame wani dattijo ya tare shi da zancen a ƙofar masallaci, har murya ta ɗaga. Alhaji ya ware hannu ya ce, "Malam, yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne." Dattijon ya saɓa buzunsa ya wuce. Ni dai na tashi ina jin maganar nan a bakin mai ba da haƙuri. Ashe ana korar mutum da ita?

Na Gwandu: Wa alaikumus salam. Maganar a kan arziki take, kuma gaskiya ce, Suratun Nahli aya ta 71 ta ce Allah ya fifita sashe a kan sashe wajen arziki. Amma Alhaji ya ɗauko ta daga rumbu ya kai ta ɗakin aure. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ake dubawa ga mai neman aure shi ne addininsa da lafiyarsa daga aibobin da ke hana zaman aure. Sana'ar ubansa ba ta ciki. Abu Huzaifa ɗiyar ɗan'uwansa ya aurar wa Salim, wanda 'yantaccen bawa ne, kuma yana cikin Bukhari.

Baban Walida: Malam da girmanka, karatu daban, zaman gari daban. Yarinyar nan ita za ta zauna da gorin dangi, ba ni ko kai ba. Mutum ya ciyar da ku, ya yi wa ɗanku karatu, ladan da za a biya shi ke nan, a tsaya a ƙofar masallaci ana kunyata shi? Gobe wani mai kuɗin zai ce ba ruwansa da marayun kowa.

'Yar Zuru: Baban Walida, to ashe ciyarwar da sharaɗi take: ci, amma kada ka ɗago kai. Mu mun san wannan karatun. Ana ba mu aron gida a Birnin Kebbi, ana kawo mana abincin salla, a yaba mana da ƙwazo da riƙon amana, amma ranar da yayana ya nemi aure sai aka tuna shi Badakkare ne. Shekarunsa nawa yana jan salla a barikin soja, ba wanda ya tambayi asalinsa a can.

Bazamfare: Ku dai ku gode Allah naku Alhajin bai buga hotonshi jikin buhu ba. Mu nan Gusau wanda anka ba kwalin taliya guda sai ya riƙe shi sama awa kofin ƙwallo, a ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe.

Ɗan Kabi: Bazamfare don Allah kar ka karkatar mana da zance tun yanzu.

Bazamfare: Ai ban karkata ba. Su ma yatsa guda suka sani, babban, ranar dangwale.

Uwar Biyu: Ku bari in ba ku labarin kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙan ta. Ƙauyenmu yana tsakanin Argungu da Augie, bakin fadama. Gidansu gidan masu gandu ne tun zamanin da, kuma a bayan gari akwai wasu gidaje da kowa ya san kakanninsu bayin gidan ne. Ba mai faɗi a fili, ba kuma wanda ya manta. A cikinsu akwai wata mata sa'ar kakata, tare suka yi wasan ƙasa, yara na ce mata Iya ta Rinji.

Duk kaka in an ɗaure gero an fitar da dami ɗaya cikin goma, gidan Iya ake fara kaiwa. Da salla kakata ta yanko atamfa ta raba biyu, rabi nata rabi na Iya, su fita iri ɗaya. Amma Iya ba ta taɓa hawa tabarmar kakata ba. A dokin ƙofa take zama, su yi ta hira da shewa tun hantsi har la'asar, ɗaya a ciki ɗaya a bakin ƙofa. Mahaifiyata ta ce tana yarinya ta ɗauka Iya zafin ɗaki ne ba ta so.

Sai aka yi farin 1973. Geron tudu ya ƙone tun bai yi kai ba, gidan kakata kuma baki ya yi yawa, kafin a je ko'ina rumbu ya koma sai ƙaiƙayi. Su Iya kuwa wani yanki na fadama suke nomawa, wanda aka bar wa kakanninsu tun da can don laka ce da sauro, masu gida ba sa so. Nan ne aka samu 'yar shinkafa a shekarar, ga kifi suna kamawa. Wani dare bayan lisha sai ga Iya da kanta ɗauke da masaki cike da shanshera, busasshen kifi a kai. Kakata ta leƙa ta ga abin da ke ciki, ta juya baya ta ce ita ba a kai ga kawo mata sadaka ba tukuna. Yaranta kwana biyu ke nan sai tafasa da ƙuli. Iya ta ce, "Wa yac ce maki sadaka ta? Ajiyarki ta, ki amshi abinki." Ta dire masakin ta tafi. Haka ta riƙa yi har ruwa ya sauka, kullum da dare, kullum ta ƙofar baya don kada mazan gidan su ji kunya.

Baban Walida: Allahu akbar. Alheri danƙo ne. Kun ga abin da nake faɗi, kowa ya tsaya a matsayinsa aka zauna lafiya.

Uwar Biyu: Ban gama ba Baban Walida. Da aka samu damina mai kyau, kakata ta kira liman da mai gari, ta ce gonar da ta gada wajen mahaifinta ta ba Iya halak malak, a shaida. 'Yan'uwanta maza suka yi fushi, wani har ya mutu ba ya shiga ɗakinta. Ba ta janye ba. Gonar na hannun jikokin Iya yanzu haka.

Bayan 'yan shekaru autan Iya ya nemi ƙanwar mahaifiyata. Yaron kirki, yana fataucin kifi zuwa Jega, ita ma tana son sa. Kakanmu namiji ya ce shi bai ƙi ba, a tambayi uwarta, don a tunaninsa wadda ta ba da gona ba za ta hana ba. Ita ce ta hana. Ta ce gona tata ce ita kaɗai, jini kuwa na dangi ne. Aka yi wa innar tamu aure a Kamba.

Iya ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da zuwa hira, tana zama inda ta saba. Sai dai da salla ta zo aka kai mata rabin atamfar, ta ba yarinyar da aka aika ta ce ta mayar, ta gode, tana da zane.

'Yar Zuru: Iya ta burge ni wallahi.

Na Gwandu: Allah ya jiƙan su duka. Kyautar gona ba ƙaramin abu ba ne, kar mu raina. Buhun hatsi yana ƙarewa mutum ya dawo ƙofarka, gona kuwa tana raba shi da ƙofar taka. Shi ya sa cikin kashi 8 na masu cin zakka a Suratut Tauba aya ta 60 aka sa 'yanta wuyaye. Sayyidina Abubakar bai tsaya kai wa Bilal abinci yana hannun Umayya ba, sayen sa ya yi ya 'yanta.

Malamin Tarihi: Abin lura a labarin nan, Iya a doka ba baiwar kowa ba ce. Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Amma ga mu a 1973 tana dokin ƙofa. Ni ban ga jaruma a kakarki ba, Uwar Biyu, ki yi haƙuri. Ta biya bashin shinkafa ne da gona don kada a ce ana bin ta.

Uwar Biyu: Malam ba ka san ta ba. Ranar da Iya ta rasu ita ta yi mata wanka, kuma ba ta ƙara cin kifi ba har ta koma ga Allah. Ban ce ta yi daidai ba. Amma ba lissafi take yi ba.

Direban Kamba: Ku da kuke cewa zancen da ne, ku tsallaka iyaka. Nijar sai 2003 ta mayar da bauta laifi a doka. A 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai ta ce gwamnati ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar da lauyoyi suka tsaya mata. Kuɗin taimako ne ya yi aikin, amma ba gero aka saya da shi ba, shari'a aka shigar.

Ɗan Jega a Amurka: Nan ma an yi irin wannan muhawarar. Wani attajiri, Julius Rosenwald, ya haɗa kai da Booker T. Washington, wani malami baƙar fata, aka gina wa 'ya'yan baƙar fata makarantu wajen 5,000 a kudancin Amurka zuwa 1932, su ma mutanen suna tara nasu kuɗin da ƙarfinsu a ciki. Makarantun sun yi amfani sosai. Amma duk da haka ɗan baƙi ba ya zama aji ɗaya da ɗan fari, sai da Kotun Ƙoli ta haramta wariyar a 1954. Da ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, a 2020 kamfanoni sun yi ta alkawarin kuɗin taimaka wa baƙar fata, har yau ana gardamar ina suka shiga.

Bazamfare: Ina sunka shiga? Tambaye mu, mu ad da digiri kan wanga fanni. Akwai wani namu da yat tara marayu ya raba masu keken ɗinki gaban 'yan jarida, da anka watse mota ta zo ta kwashe kekunan, wai za a kai wata ƙaramar hukuma a sake rabawa.

Baban Walida: Keke ɗaya, marayu dubu. Wannan ai shi ne tattali.

Ɗan Kabi: Jama'a har yanzu ba a amsa mini ba. Karin maganar ta haƙuri ce ko ta kora?

Malamin Tarihi: Ya danganta da wanda ya faɗa. In talaka ya faɗa wa kansa, tawakkali ne. In mai kuɗi ya faɗa wa talaka, umarni ne.

Na Gwandu: Ban yarda ba. Mai kuɗi ma yana faɗin ta don ya tuna akwai na ƙasa da shi, ya fitar da haƙƙinsu. Mahaifina da ita yake buɗe zance duk ranar da zai auna zakkar shinkafa.

Direban Kamba: Malam tunda ka taɓo nan, shinkafar rani da muke ba ruwa da inji, ɗaya cikin ashirin ce ko? Kuma ana cire kuɗin fetur kafin a auna? Don bana fetur ya cinye rabin gonar.

Na Gwandu: Ɗaya cikin ashirin ce, wahalar ban ruwan ce ta sa aka rage daga ɗaya cikin goma. Zancen cire kuɗin fetur kuwa buɗe masa wani zaure, yana da tsawo.

'Yar Zuru: Ɗan Kabi, yaron nan in har yanzu yana nema a turo mana shi Zuru, mu ba ma tambayar sana'ar uba. Sai dai ya zo da fartanya, golmo zai yi.

Baban Walida: Shekara bakwai yana yi wa surukai noma? Ma'aikacin ofis? Ai kafin damina ta biyu shi da kansa zai ce a mayar masa da goronsa.

Uwar Biyu: Ku tsaya, ita yarinyar wani ya tambaye ta kuwa?

Ɗan Kabi: Wannan sai na tambayi uwargida, ita ke shiga gidan.