Tambaya: idan aka kashe wutar asibiti ta kwamfuta, laifin yaƙi ne?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana shari'a ku fahimtar da ni. A Disambar 2015 masu kutse sun ɗauke wa mutum sama da dubu 200 wuta a Yukiren ana tsakiyar hunturu, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. To yarjejeniyar Geneva ta dokokin yaƙi ai tun 1949 ce, lokacin ba a san intanet ba ma, ta yaya za ta hau kan irin wannan?

Malam_Lauya:
Wa alaikumus salam. Tana hawa kam, don dokar ba ruwanta da irin makamin, ɓarnarsa take dubawa. Tun 1996 kotun duniya ta ce dokokin yaƙi sun shafi har makaman da ba a ƙera ba tukuna, kuma ƙarin yarjejeniyar 1977 ya wajabta bambance soja da farar hula, to da bam ka kashe injin numfashi ko da kwamfuta duk ɗaya ne, asibiti ba a taɓa shi. Sharaɗin dai ya zama ana cikin yaƙi.

Yaya_Hajiya:
Malam wannan sharaɗin ne fa ke damuna wallahi. WannaCry, muguwar manhajar kwamfuta ta 2017 da ta tsayar da asibitocin Ingila aka rinƙa soke tiyata ai ba yaƙi ake ba, kenan Geneva ba ta shigo ba, sai dai a koma dokar haƙƙin ɗan adam, haƙƙin rayuwa da na lafiya, amma ita kuma ƙasashe na ta jayayya ko tana bin su idan wanda suka cutar yana wata ƙasa, sannan kafin ka tabbatar gwamnati kaza ce ta turo masu kutsen an sha wuya, kowa sai ya ce ba shi ba ne.

Malam_Lauya:
Gaskiyarki Hajiya. Akwai ma wani giɓin, yawancin masanan da suka rubuta kundin Tallinn na 2017 kan yadda dokar duniya ta shafi kutsen intanet sun ce bayanan kwamfuta ba dukiyar da ake iya taɓawa ba ce, don haka goge su kaɗai ba lallai a kira shi hari ba. Na asibiti dai suna da kariya ta musamman, amma na banki da rajistar jama'a fa? Ni ban yarda da su ba sam, wanda aka goge masa asusu cikin yaƙi da me zai ci da iyalinsa.