Malam-buɗe-littafin tumfafiya da mai kwaikwayonsa: yaya kuke rarrabe su?

Malamin lakwal, Tibiri:
Assalamu alaikum jama'a. Ran Asabar na fita da yaran ajina bakin gulbi, muka tarar da malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, bakin fiffike baƙi da ɗigon fari. Na ce musu wannan shi ne na tumfafiya. Sai wata yarinya ta nuna wani mai kama da shi ta ce, "Mushe, to mi ya sa wancan fiffikensa na baya fari ne, wannan kuwa ba fari?" Na duba, wallahi gaskiyarta. Abin ya tsaya mini a rai, don ba na son in koya wa yaro abin da zai riƙe shekara da shekaru alhali kuskure ne. Wanda ya taɓa cin karo da su biyun ya ba mu labari.

Ɗalibar jami'a, Maradi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ma bara na sha wannan ruɗun a Jiratawa. Na tumfafiya sunansa na kimiyya Danaus chrysippus, kuma a nan Afirka ta Yamma galibinsu fiffiken baya fari ne. Ɗayan da kuka gani, marar farin, ina kyautata zaton macen Hypolimnas misippus ce. Tsutsar na farko ganyen tumfafiya take ci, dafin nonon ya zauna a jikinta har ta yi fiffike, shi ya sa tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya komawa. Ita kuwa ta biyun ba ta da wannan dafin, rigar kawai ta ara. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, ya bayyana irin wannan dabarar tun 1862, bayan zamansa a dajin Amazon.

Abin da ya fisshe ni shi ne ƙirga ɗigo. Ku jira ya sauka, ku dubi tsakiyar fiffiken baya: na tumfafiya yana da baƙaƙen ɗigo uku, namiji huɗu. Mai kwaikwayon idan ta buɗe fiffike ɗaya za ku gani, kuma gefen fiffikenta ya fi yin tudu da kwari kamar bakin zarto. Farin kaɗai kada ku dogara da shi, akwai masu kwaikwayon da su ma suna da shi.

Mai garka, Jiratawa:
Ɗiyata, Allah shi ƙara basira. Ni ban san sunan boko ba, amma shekarata talatin cikin garka. Tashinsu nake kallo. Na tumfafiya tafiyar kasaita yake yi, a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar ya san ba mai taɓa shi. Ɗayar ma haka take yi in ba a tsorata ta ba, amma ka matsa kusa ka gani, sai ta fizga. Kuma ka juya ganyen tumfafiya da kaka, za ka ga tsutsar da zanen baƙi da fari da rawaya, da 'yan ƙahonni shida.

Malamin lakwal, Tibiri:
Baba, na gode. To namijin mai kwaikwayon fa?

Ɗalibar jami'a, Maradi:
Shi ai ba ya ruɗa kowa, Malam. Baƙi ne wuluk da manyan fararen tabo, kewayensu na ƙyallin shuɗi in rana ta buga. Na daɗe ina ɗaukar shi da macen iri biyu daban, sai ranar da na ga yana bin ta.

Mai ɗaukar hoto, Madarunfa:
Ni farare ne suka wahalshe ni. Bayan damina a bakin tafki sukan taru kan laka, gomiya-gomiya, suna tsotsar danshi, daga nesa duk ɗaya. Na ɓata kwanaki ina ɗaukar su daga sama, hotunan ba su amfane ni da komai ba. Sai da na koyi durƙusawa in ɗauki ƙasan fiffike lokacin da ya rufe littafin. Mai jijiyoyi ruwan ƙasa a fili, shi ne Belenois aurota, wanda tsutsarsa ke cin anza da jiga. Wanda ba shi da wannan zanen, fari mai ɗan kore-kore, ya fi girma da sauri, shi ne Catopsilia florella, na tafasa da rai-ɗore. Da hantsi nake zuwa, kafin rana ta yi zafi su ƙi zama.

Roƙona ɗaya, Malam: kada yaran su riƙa kamawa da hannu. Garin da ke manne wa yatsa shi ne zanen, in ya goge ba ya dawowa.

Malamin lakwal, Tibiri:
Na ji, kuma zan gaya musu. Asabar mai zuwa za mu koma da littafin zane, kowa ya zana fiffiken baya ya ƙirga ɗigo. Baba, in da hali, za mu so mu biyo ta garkarku ku nuna musu tsutsar.

Mai garka, Jiratawa:
Bismillah, ku taho da sassafe. Akwai tumfafiya uku a bakin rijiya, ban sare su ba.