Muhawara: Me Binciken Dakta Bala Usman Ya Tsinana?

Baban Fati: Jama'a, zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙarar da ƙarfinsa a Jami'ar Ahmadu Bello yana tona asirin masu wawure dukiyar ƙasa, har ya rasu a 2005. Allah Ya jiƙansa, amma satar ta ragu? Ni dai ban ga ɓarawon da takarda ta hana barci ba.

Goggon Yara: Haba Alhaji, aikin malami ka ba shi ko na alƙali? A 1976, cikin kwamitin tsara kundin mulki, shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi bin sauran, suka fitar da nasu rahoton daban, domin sun ga daftarin bai tanadar wa talaka abin kirki ba. An yi watsi da shi, gaskiya ne. Laifin wa ke nan?

Baban Fati: To Hajiya, ai ya shiga gwamnatin. Shi ne sakataren gwamnatin Kaduna zamanin Balarabe Musa. Me ya canza?

Tsohon Ɗalibi: Ranka ya daɗe, nan kam ban yarda ba. Gwamnatin nan ta Balarabe, ta jam'iyyar PRP, ita ce ta soke haraji da jangali. Tambayi duk dattijon ƙauyen da ya taɓa sayar da akuyarsa ko damin gero saboda dogari na tsaye a ƙofar gida, shi zai gaya maka abin da ya canza. Kuma 'yan jam'iyyar hamayya ta NPN ne ke da rinjaye a majalisar jihar, sun ƙi amincewa da kwamishinoni, suka tsige gwamnan a 1981.

Ɗan Autan Zaure: Ni abin da ke damuna daban ne, Baba. In mai bincike ya ɗauki katin jam'iyya, yaya zan amince da abin da ya rubuta kan abokan hamayya?

Goggon Yara: Ɗana, tambayarka tana da nauyi. Ka duba hujjarsa, kada ka tsaya a katinsa. Mutum ne mai kawo sunan kamfani da adadin kuɗi da shekara, abin da za ka iya bi ka tantance da kanka. Takardunsa suna nan a CEDDERT, cibiyar bincike kan dimokuraɗiyya da ke Zariya.

Baban Fati: Batun haraji na karɓa. Na satar kuwa, ina nan kan bakana.