Waƙar da aka ce tana sukar saye-saye, amma a shago na ji ta

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Jiya na raka ƙanwata wani shagon kayan sawa, tana ta gwada takalma ni kuma ina zaune kan benci ina jiran ta gama in biya, sai ga wani kiɗa na tashi a sifika, irin na inji ɗin nan na disko, mawaƙin yana jero haruffan kalmar shopping ɗaya bayan ɗaya. Wlh har ƙafata ta fara motsi ban sani ba. Na sa Shazam, manhajar nan ta gano waƙa, ya nuna min Pet Shop Boys ne, sunan waƙar Shopping, ta 1987. Da na tura wa wani abokina sai ya ce ai habaici ce, sukar masu kuɗi da haukan saye ake yi a ciki. To in haka ne me ya kai ta shago? Kuma wai kiɗan rawa zai iya sukar wani abu ne, alhali kowa jiki yake kaɗawa ba mai sauraron baiti?

Kawu_Manchester:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya yi gaskiya amma rabi ya faɗa maka. Ba masu sayen takalmi irin ƙanwarka ake nufi ba, gwamnatin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta wancan zamani, ake yi wa. Lokacin ta ɗauko kamfanonin gwamnati tana cefanar da su ɗaya bayan ɗaya, British Telecom a 1984, British Gas a 1986, British Airways a 1987, ana ta talla a talabijin kowa ya zo ya sayi hannun jari. Wato abin da da ma na jama'a ne aka sa masa farashi aka ce su zo su saya, shi ne cefanen da waƙar ke magana a kai. Tana cikin kundinsu mai suna Actually. Su biyu ne, Neil Tennant mai rerawa da Chris Lowe mai danna kibod, kuma abin dariya a shagon kayan lantarki suka fara haɗuwa a Landan a 1981. Nan Ingila an sha ɗora ta a shirin talabijin in za a nuna mutane na rububin kaya a kanti, su dai kalmar suka ji suka ɗauka, don haka mai shagonku ba shi ya fara ba. Ku da kuka ga yadda aka miƙa wutar lantarki ga 'yan kasuwa a 2013 ai ba sai an yi muku dogon bayani ba.

dj_zazzau:
kawu ka gama magana. ni dai ta bangaren sana'a zan fada, a wajen biki ko kulob ba mai jin baiti, bes da bugun kick kawai ake bi, in ka sa wakar da ke zagin amarya ma indai bit din ya zauna dangin amarya ne za su fara shiga fili suna liki. amma ni a ganina nan dadin abin yake, kidan ya fito sumul kamar na talla, muryar mutumin ba fushi ba ihu kamar mai karanta lissafin kaya, da gangan aka yi shi haka don ya yi kama da abin da yake tsokana. irin habaicin marokanmu ne da za a yi wa mutum zambo a gabansa yana murmushi har ya ciro kudi ya manna, sai ya koma gida ya kwanta sannan maganar ta fado masa

Maman_Ilham:
Ni fa ban yarda ba. Faifan nan sayar da shi suka yi ko kyauta suka raba? Kamfani ya buga, kanti ya sayar, sun samu kuɗinsu, yanzu ma duk wanda ya danna a Spotify akwai ɗan abin da ke shiga aljihunsu. Kana zagin kasuwa da rumfarka a tsakiyar kasuwa, haba.

Kawu_Manchester:
Hajiya in wanda ya yi da gaske kike nema akwai su, sai dai ba na jin za ki yaba. KLF, su ma mutum biyu ne masu kiɗan rawa na inji, Bill Drummond da Jimmy Cauty, sun yi tashe sosai wajen 1991. A 1992 suka ce sun bar harkar, suka janye faya-fayansu daga kasuwa. Ran 23 ga Agusta 1994 suka tafi tsibirin Jura a Sikotlan da fam miliyan ɗaya, takardun fam hamsin-hamsin, suka cusa a wuta suka ƙone, har da ɗaukar bidiyo.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Wannan kuma almubazzaranci ne tsagwaronsa Kawu, miliyan ɗaya na fam, rijiya nawa za a haƙa da shi? A'a, gara masu rumfar, su ci kuɗinsu su yi habaicinsu.

Ɗan_Fagge:
Na gode Kawu, na gode kowa. Na sake saurara da iyafis a kunne na nemo baitocin ina bi, lallai maganar sayar da kayan ƙasa ce, da ban ji komai ba sai dum dum. Dj zancenka na zambo ya zauna min, don ni ne na yi rawar a benci kuma ni ne na biya. Takalmi biyu ta ɗauka fa, ɗaya ma ya matse ta, gobe za mu koma a canza. Zan tambayi yaron shagon ko ya san me yake sa wa kwastomominsa.