Fetur da maganin feshi suna kawo kansar jini?

Ɗan Bunkure:
Assalamu alaikum. Ina neman haske, jama'a. A gefenmu 'yan bumburutu da baki suke zuƙo fetur ta tiyo daga tanki zuwa jarka, makanikai kuma da shi suke wanke baƙin mai daga hannu. Ga manoman shinkafa suna feshi ba safa ba takunkumi. Da gaske waɗannan na kawo kansar jini, ko gadonta ake yi kamar sikila?

Likitan jini:
Wa alaikumus salam, Malam. Na fetur kam babu tantama. Akwai sinadarin benzin a cikinsa, kuma hukumar binciken kansa ta IARC da ke Faransa ta sa shi a rukuni na 1, wato tabbas yana haddasa kansa, musamman nau'in kansar jini mai saurin tsananta da ake kira AML. Ta numfashi ya fi shiga, fata ma tana sha. Hanta ce ke sarrafa shi, gubar da ta fito sai ta bi jini ta sauka a ɓargo, inda ake ƙera jinin. A nan take kakkarya ƙwayoyin halitta. Jiki yana ɗinke yawancin ɓarnar, amma idan ta taru shekara da shekaru, wani yanki na kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya) na 5 ko na 7 kan ɓace. Sai ƙwayar jini ɗaya ta ƙi balaga, ta yi ta hayayyafa har ta cinye wa lafiyayyu wuri.

Sikila daga uwa da uba take. Kansar jini kuwa galibi bayan haihuwa ɓarnar take faruwa, kuma ba a ɗaukarta wurin majinyaci. Hayaƙin taba sigari ma yana ɗauke da benzin ɗin nan. Yaron da ke zuƙar tiyo kullum shi ya fi damuna. Famfon hannu na roba ya wadatar, a daina ajiye jarkoki a ɗakin kwana, makanike ya koma wa sabulu.

Malamin gona, Haɗeja:
Likita ya gama da fetur. Na feshi hujjarsa ba ta kai waccan ƙarfi ba, sai dai lindane, wanda manoma suka sani da Gammalin 20, a 2015 aka tabbatar yana jawo limfoma, wata kansa ta fararen ƙwayoyin jini. Lokacin haɗi ne mafi haɗari, don a nan maganin yake zalla. A dama da sanda, a sa doguwar safar hannu ta roba; ta yadi jiƙewa take ta riƙe gubar a fata. A yi feshi da sassafe, iska na bayanka. Idan bakin famfo ya toshe, don Allah kada a busa da baki, a tsokale da tsinken ciyawa. Robar magani kuma kada ta koma ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Mai ciki kada ta wanke kayan feshi.

'Yar ɗakin gwaji:
Yaya, ga abin lura: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, kasala, tafin hannu ya yi fari, haɓo, jini a dasashi, saifa ta kumbura. A nemi gwajin FBC, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, tare da duba jinin a madubin likita. Fararen ƙwayoyi na lafiyayyen babba suna tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikurolita ta jini. A wannan cuta sukan haura sosai, wani lokaci kuma su faɗi ƙasa, don haka ƙarancinsu ba ya wanke mutum. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta ƙarin jini leda bayan leda ba a tambayi inda yake tafiya ba. A ɗebi jinin gwaji kafin ƙarin. Tabbaci sai an ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugu, ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano.