Warin banɗaki da ɗigar AC a ɗakin otal: me ke jawo su?

Matafiyi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗakin otal a ido fes, amma banɗaki na tashin warin masai, AC kuma na ɗiga a bango. Me ke kawo haka, me baƙo zai duba kafin ya biya?

Mai gyaran famfo: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarƙashin magudanar banɗaki akwai lanƙwasar bututu mai riƙe ruwa kamar santimita 5, shi ke tare iskar sokawe. In ɗaki ya daɗe ba baƙo, ruwan kan ƙafe. Zuba bokiti guda a ciki. In warin bai lafa ba, wataƙila robar da ta haɗa masai da bututu ce ta saki, sai su sauya maka ɗaki.

Mai gyaran AC: Mai yiwuwa bututun fitar ruwa ne ya toshe da ƙura, tiren ciki ya cika ya tumbatsa. Sakaci ne, ba a wanke rariyar.

Hajiya mai kula da ɗakuna: Malam, fara da gado. Yaye zanin, ka haska ɗinkin katifa da bayan allon gado da fitilar waya. Baƙaƙen ɗige-ɗige kashin kuɗin cizo ne. Kada jakarka ta taɓa gadon, kuma in ka gan su har za a sauya maka ɗaki, kada ka karɓi ɗakin da ke manne da wannan, domin ta tsagar bango suke ƙetarawa.